Auta da Motar Dakta

Da ƙarfe goma sha ɗaya na safe janwe mai jan motocin da suka lalace ya shigo garejin da wata baƙar mota a bayansa, doguwa, 'yar Jamus, tana ƙyalli kamar yau aka ƙera ta. Wani saurayi ya diro daga gaban janwen, farar rigar asibiti rataye a kafaɗarsa, yana ta kiran wata lamba ba a ɗauka.

"Ina mai garejin?" ya tambaya, ko sallama babu.

Auta ta ɗago daga kan kwamfutarta. Ita ce 'yar autan mai garejin, kuma tun da ta gama karatun injiniya ita ke duba motoci da na'ura.

"Wa alaikumus salam," ta ce tana kallonsa. "Baba ya fita. Me ya same ta?"

"Makanike nake nema, ba sakatariya ba."

Ta ɗauki na'urarta ta jona a ƙasan sitiyari, ta buɗe gaban motar, ta zaro sandar auna baƙin mai ta murza a yatsunta. Sannan ta sa sukurdireba ta ɓalle gilashin dashbod, ta ciro wani ɗan baƙin salatif ta miƙa masa.

"Sakatariya ta gama. Famfon ruwa ya fashe, injin ya yi zafi. Fitilar gargaɗi ta daɗe tana ci, da wannan aka rufe ta don kada ka gani. Yaushe ka saye ta?"

"Kwana tara ke nan."

"Ka kai ta an duba kafin ka karɓa?"

"Dillalin ya rantse min da Allah wata tsohuwa ce ke hawanta a can, kasuwa kawai take zuwa."

"To rantsuwa ka saya, Malam, ba mota ba."

Ransa ya ɓaci har jijiyar wuyansa ta fito. Shekara huɗu yana hana kansa komai saboda wannan motar. A ɗakin gwajin jini yake aiki, abokansa na tsokanarsa da Dakta har sunan ya bi shi, ga shi yau wata yarinya mai baƙin mai a farce tana karanta masa wautarsa a gaban jama'a.

Auta kuwa ta riga ta ga sitikar dillalin da ke gilashin baya. Ta san shi. Ɗan marigayi aminin Baba ne, a hannun Baba ya girma, kuma wata shida ke nan yana zarya a gidansu neman aurenta, ita tana kauce masa. Ba ta nuna wa Dakta ta san shi ba.

Sati uku aka yi ana jiran kayan gyara. Dakta ya riƙa zuwa kullum bayan tashi daga aiki, wai duba mota. Kullum sai sun yi faɗa. Ya ce a sa famfon da ake samu a kasuwa, ta ce na ainihi ko ya ɗauke motarsa. Ya kawo baƙin mai a galan mara suna, ta ajiye masa shi a bakin ƙofa.

"Wannan motar ba ta shan kowane mai. Lambar da aka rubuta a littafinta za ka saya, ka canza a kan lokaci, da filta. In ba za ka iya ba, ka sayi keke."

"Ke dai ba kya iya magana mai daɗi ne?"

"Ina iyawa. Ban ga dalili ba ne tukuna."

A ranar ya tura mata saƙo: "Injiniya, na sayi man da kika ce. Yanzu akwai dalili?"

Ta daɗe tana kallon wayar tana danne murmushi kafin ta rubuta: "Rabin dalili. Ka zo da filta gobe, Sarkin Musu."

Daga nan saƙonnin suka daina zama na mota. "Injiniyata, yau na gwada jinin mutum talatin, duk ina tunanin hararar da kika yi min jiya." Ita kuma: "Ka mai da hankali kan aikinka kada ka rubuta wa wani cutar da ba shi da ita. Ka ci abinci?"

A cikin sati na biyu ta gano wani abu. Mitar motar na nuna kilomita dubu tamanin, amma ƙwaƙwalwar giyabos, wadda ba kowa ya san tana ajiye nata lissafin ba, ta nuna dubu ɗari biyu da sittin. An mayar da mitar baya. Ta kai wa Baba a ɗan ofishinsa da ke cike da tsofaffin batura.

Baba ya cire tabarau. "Kada ki faɗa wa mai motar tukuna. Ƙila shi ma yaron nan haka aka turo masa ita. Zan yi masa magana."

"Baba, haƙƙinsa ne ya sani."

"Na ce zan yi magana. Kuma wannan zuwan da mai motar yake yi kullum, ina gani. Ki sani na riga na ba ɗan aminina baki a kanki. Wanda zai kwashe guminsa na shekaru ya sayi abu don ƙyallinsa, bai tambayi kowa ba, haka zai riƙe gida."

Ta fita hawaye na zuba, ta buga ƙofar har wani batir ya faɗo.

Ranar da aka gama gyaran, Dakta ya iso da fara'a, sai ya tarar da Dillali zaune a kan kujerar Auta, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa makullai. Mutumin da ya yi sati uku ba ya ɗaukar wayarsa.

"A'a, Dakta! Ashe nan ka kawo ta. Ai ka zo gida. Nan garejin surukina ne, wannan kuma," ya nuna Auta da makulli, "ita ce amaryar."

Dakta ya juya ya kalle ta. "Kin san shi?"

"Dakta, tsaya in yi maka bayani..."

"Kin san shi tun ranar farko?"

"Na sani."

Ya yi wata dariya mara daɗi, ya ɗaga murya yadda duk makanikan da masu jiran motocinsu suka juyo.

"Yanzu na gane sana'ar! Shi ya sayar da ruɓaɓɓiyar mota, ku ku gyara, ita kuma ta riƙe wawa da murmushi har a gama tatsarsa. Garejin 'yan damfara! Uba da 'ya da suruki, kamfani guda!"

Baba yana tsaye a ƙofar ofis, ya ji komai. Shekara arba'in yana wannan wuri ba wanda ya taɓa kiransa da wannan suna. Dakta ya fizgi makullinsa ya ja motar ya fita.

Kafin la'asar saƙonsa ya shigo: "Ki goge lambata. Allah ya isa."

Ta mayar: "Na ɓoye maka abu ɗaya, laifina ne. Amma ka zagi ubana a gaban yaransa. Kai ma ka goge tawa."

Auta ba ta yi kuka ba a wannan karon. Kwana biyu ta yi a gaban kwamfuta tana tono bayanan duk motar da ta taɓa shigowa garejin da sitikar Dillali. Guda bakwai ta samu. A rana ta uku, da Dillali ya zo gaida Baba, ta shiga ofishin ta zube takardun a kan tebur.

"Baba, ka ce ƙila haka aka turo masa. Mota bakwai ce. Duk an mayar da mitarsu baya, huɗu an rufe musu fitila da salatif iri ɗaya. Ta ukun nan ta malamar makarantar nan ce da birki ya ƙwace mata da 'ya'yanta a ciki."

Dillali ya yi murmushi. "Ƙanwata, ke ba ki san kasuwa ba. Kowa haka yake yi. In ka faɗi gaskiyar mitar wa zai saya?"

"Ni ba ƙanwarka ba ce. Kuma wallahi ko maza sun ƙare ba zan aure ka ba."

Baba ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Da ya kai ta ƙarshe ya miƙe.

"Da sunana kake rantsuwa ga mutane, ko? Kana ce musu in ta lalace su kawo wa Baba. Ubanka ya mutu ba wanda ya taɓa kawo ƙararsa. Za ka kira mutanen nan bakwai ka faɗa musu gaskiya da bakinka, ko ni in kira su. Maganar Auta kuma na janye. Fita."

Da ya fita, Baba ya juyo gare ta, idonsa ja. "Ni na sa ki yi shiru, ni na yi kuskure. Amma shi ma wancan Daktan kada in ƙara ganinsa a nan."

Da yamma Auta ta ɗauki hoton takardar giyabos ta tura wa Dakta: "Wannan ce ainihin tafiyar motarka. Sarƙar injin ta kusa mutuwa, ka canza kafin ta tsinke. Kai ta duk garejin da ka yarda da shi. Ba don kai na yi ba, don aikina ne."

Ya kira sau goma sha ɗaya, ba ta ɗauka ba. Washegari Dillali da kansa ya kira shi, murya ƙasa-ƙasa, ya faɗa masa komai, har da yadda aka kore shi. Dakta ya zauna a ɗakin gwaji ya kasa taɓa komai. Mahaifiyarsa da ya ba ta labari ba ta tausaya masa ba.

"Kai da bakinka! Ka zagi dattijo a wurin sana'arsa, yanzu kana so ka ba da haƙuri ta waya? Inda ka yi zagin nan za ka koma."

Ranar Asabar da hantsi, lokacin da garejin ya fi cika, ya shigo a ƙafa. Ya tsaya daidai inda ya tsaya rannan, ya yi sallama da ƙarfi, ya durƙusa a kan simintin da ke jiƙe da mai.

"Jama'a, a nan na kira Baba ɗan damfara, a gabanku. Ƙarya na yi. Fushi ne da jahilci. Baba, ka yafe min."

Baba bai ko ɗago daga injin da yake kwancewa ba. "Na ji. Tashi ka tafi."

"Ba zan tashi ba sai ka yafe."

"To miƙo min sifana mai lamba goma sha uku."

Dakta ya miƙa masa ta goma sha bakwai. Makanikai suka fashe da dariya. Baba ya girgiza kai. "Ko sifana ba ka sani ba ka sayi 'yar Jamus. Kawo motar Asabar mai zuwa. Kai za ka kwance ta da hannunka, ni ina kallo."

Asabar shida ya yi yana zuwa. Ya ƙone a hannu, ya yanke a yatsa, ya sha faɗa. Auta ba ta ce masa uffan ba har Asabar ta huɗu, da ta same shi yana ɗaure wani noti da dukan ƙarfinsa.

"Za ka karya shi. Sassauta."

"Injiniya, ki yafe min."

"Har yanzu ina jin haushinka."

"Na sani. Ki aure ni kina jin haushin, zai huce a hanya."

Ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta. "Ka gama da Baba tukuna."

Ranar da aka tayar da motar da sabuwar sarƙa, Baba ya kara kunne a jikin injin ya daɗe yana saurare. Sannan ya goge hannunsa da tsumma.

"Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Garejin ya kasance a rufe ranar, karo na farko da maƙwabta suka taɓa gani. Kafin a tafi da amarya Baba ya kira su biyun ɗakinsa. Ya riƙe hannun Auta.

"Ku biyun nan duk kuna da zuciya, na gani da idona. In ɗaya ya hau, ɗayan ya sauka. Kai kuma, ɗana, na ba ka wadda ta fi kowa faɗa min gaskiya a gidan nan. Ka riƙe ta da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Baba," Dakta ya ce, kansa a ƙasa.

Auta ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta tana kuka, shi kuma yana shafa kanta yana maimaita addu'ar, har 'yan uwa suka shigo suka ce lokaci ya yi.