Sawu a Kan Sabon Fenti

Ana gobe za a jefa wa teku kwakwa a buɗe kamun kifi, injin jirgin tsoho Motiram ya ɓace.

Kafin Sufeto Bhaskar Tandel ya iso, mutanen Sagarwadi sun gama shari'a. Sun ɗaure wani baƙo, Kulkarni, a jikin itacen kwakwa, ana ta kawo sanduna. Taro ba ya rasa mai laifi matuƙar akwai baƙo a kusa.

"Me ya yi?" Sufeto ya tambaya.

"Shekaranjiya ya hau min jirgi da takalmi, wai hoto!" in ji Motiram. "Wanda ya iya wannan, me zai bari?"

"Yallaɓai, teku kawai na zo gani," in ji baƙon.

"Ai ka gani. Yi shiru."

Sufeto ɗan masunci ne, a rairayin nan ya yi rarrafe. Ya tuɓe takalmi ya hau jirgin. Jiya da yamma aka yi wa jirgin shuɗin fenti saboda bikin, ga shi ya bushe da sawu kusa da mazaunin injin: yatsu biyar raɗau.

Ya dubi taron. Kowa ƙafarsa a ƙasa, sai Dattu, ɗan ƙanen Motiram, cikin rufaffen takalmi.

"Dattu, yaushe rabonka da jirgin nan?"

"Tun kafin damina, Yallaɓai."

"Wannan takalmin fa? Neman aure za ka?"

"Ƙaya ce ta soke ni."

"Sannu. Hawo ka nuna min yadda ake kwance inji."

Dattu ya matso, ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Kakanninsa ba su taɓa hawa da takalmi ba, shi ma ƙafar ta ƙi. Ya zauna a rairayi ya tuɓe. Tafin shuɗi ne har diddige.

"Injina ya mutu, Baffa," ya ce wa Motiram, kansa a sunkuye. "Gobe kowa ya fita, ni ina tsaye a gaɓa ina ɗaga hannu? Injinka yana ƙarƙashin taruna."

Aka kwance Kulkarni. Yana murza hannu ya ce, "Wawa! Da ya hau da takalminsa ai da ya sha."

Sufeto ya sa wa Dattu ankwa a hankali, ya tasa shi gaba.

"Malam," ya ce wa baƙon, bai ko waiwayo ba, "a garin nan ko ɓarawonmu ba ya taka jirgi da takalmi."