Man Naira Biyar a Rigar Hafizu

"Cire rigar nan, Yaya Hafizu."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona. Wata bakwai da aurenmu ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Mijina ma'aikaci ne a kamfanin matse man gyaɗa a nan Kaura Namoda. Kullum rigarsa na dawowa da warin inji da ɗanyen mai. To sati uku ke nan sai ƙamshin toyayyen mai nake ji, irin na matsar hannu. Ni za a yi wa wannan? Ni da na tashi a Badarawa gaban kaskon ƙuli-ƙulin Innata?

Na ce ya faɗa min gidan wace mace yake yini.

Sai ya zauna kan turmi ya sunkuyar da kai. Ashe an rufe kamfanin tun bayan Sallah, an sallame su duka. Da safe yakan fita neman dako a kasuwar hatsi, da yamma ya sayi man naira biyar ya shafa wa rigar, don kada hankalina ya tashi ga ni da ciki.

"Barakata... kunya nika ji. Na ɗauko ki da alkawarin ba ki shan wahala."

"Wa ya ce maka albashinka na aura?"

Na fashe da kuka, kunyar zargin da na yi masa ta rufe ni. A nan ya gaya min wani direba, Alhaji Na'Allah, ya samo masa aiki a Legas. Na roƙe shi ya zauna, na ce zan toya ƙuli-ƙuli mu ci, in dai zan haihu yana kusa. Ya share min hawaye, amma ranar Juma'a ya tafi.

Wallahi na yi kewarsa har abinci ya fita raina.

Na haifi namiji ranar wata Laraba, babansa bai samu izinin zuwa ba. Ana gobe suna Alhaji Na'Allah ya aiko min da kaset, saƙo daga Hafizu. Na ari rediyon maƙwabta na kunna, ina zaton gaisuwa ce.

"Barakata, kawo min kunnensa na dama..."

Na matso da jaririn jikin rediyon. Hafizu ya fara kiran sallah a hankali, muryarsa na karyewa.