Maikirowef Ɗin da Aka Liƙe wa Baya

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Mai Gyara yana jawo ƙofar shagonsa zai rufe, sai wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce. Ta ce maikirowef ɗinta ne, akwatin nan na ɗumama abinci, da ya fara aiki sai ya ɗauke. Ya ce ta kawo masa gobe da safe. Ta ce marar lafiya gare ta, ba ta iya fita, ya yi wa Allah ya zo yanzu. Shi kuwa bawan Allahn nan duk faɗansa ba ya iya juya wa mai roƙo baya. Ya rataya jakar kayan aiki, ya hau babur.

Gidan bene ne a ƙarshen layi, ita kuma tana hawa na sama. Matakalar duhu, sai warin danshi. Tun bai ƙwanƙwasa ba ta buɗe. Doguwar mace ce, a rame, idanunta sun faɗa. Daga ɗakin ciki wani sauti ke fitowa, kamar ana jan zarto a kan ɗanyen itace. Ta ce maigidanta ne, ƙirji ke damunsa, sannan ta wuce gaba ta nuna masa kicin.

Yana ganin inda aka ajiye na'urar ransa ya ɓaci. An cusa ta cikin wani lungun kabad, dab da murhun gas, bayanta manne da bango, an jibga farantai da tsumma a kanta. Ya sauke tarkacen, ya jawo ta waje da ƙyar. Da ya juya bayanta sai ya tsaya. Duk ƙofofin da iska ke shiga da fita an liƙe su da baƙin salatif, wani kan wani, ko tsinke ba zai samu hanya ba.

Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ce wane marar tausayi ne ya yi wannan aika-aika? Abin nan fanka gare shi a ciki, iska yake ja yana huce kansa. Dole a bar masa sarari kamar taƙi guda ta baya da gefe, a nisanta shi da wuta da ruwa, kada a ɗora masa komai a ka. In zafi ya taru a ciki, akwai ɗan abin da ke yanke wutar don kada ya kama, shi ne ɗaukewar da take gani. Ta ma gode wa Allah da gidan bai tashi da gobara ba.

Matar tana tsaye, kanta a ƙasa. Ya ce ta kama masa gefen salatif ɗin su ɓare. Sai ta mayar da hannayenta bayanta.

"Kai ne ka san aikinka," ta ce a hankali. "Bari in duba shi."

Ta fita, ta jawo ƙofar kicin.

Ya ɗora na'urar a tebur, tsakiyar fili, ya shiga ɓarewa yana mita. Da ya cire na ƙarshe wani wari ya bugo shi. Ya san warin ƙonannen waya, ya san na tsohon mai. Wannan daban ne. Warin ɗakin da majinyaci ya daɗe a ciki ba a buɗe taga ba.

Ya toshe hanci ya ci gaba. Ya duba makullin ƙofar na'urar, lafiya lau. Wayar wuta ba ta ƙuje ba. Ya zare ta daga dogon soket ɗin da aka cunkusa mata tare da firji, ya sa ta a na bango ita kaɗai. Ya cika kofin tangaran da ruwa ya sa a ciki, don ba a kunna irin wannan na'ura ba komai a cikinta. Ya danna.

Fitila ta kama. Faranti ya fara juyawa. Na'urar ba ta ɗauke ba har ta yi ƙarar gamawa.

Ya buɗe yana murmushi, ya miƙa hannu da taka-tsantsan kada kofin ya ƙona shi.

Kofin sanyi ƙalau. Kuma babu ko ɗigon ruwa a ciki.

Ya leƙa. Ruwan bai zube ba. Babu tururi a gilashi. Cikin a bushe ƙayau.

Amma taurin kan mai sana'a ya hana shi ja da baya. Ya sake cika kofin, ya sake dannawa. Wannan karon ya kai tafinsa gefen na'urar, kamar yadda ya saba, don ya ji ɗumin iskar da ya kamata ta fito.

Ba fitowa take ba. Ja ake.

Gashin hannunsa duk ya kwanta ya fuskanci ƙofofin. Aka ja, aka ja, sai aka tsaya. Can aka sake ja. Fanka ba ta hutawa a tsakani.

Ya fizge wayar daga bango. Fitila ta mutu, faranti ya tsaya. Ya sani sarai irin wannan na'ura tana riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko an cire ta daga soket. Amma wutar da aka riƙe ba ta numfashi.

Aka sake ja.

A lokacin ne ya ji iska ta fita daga bakinsa ba da sonsa ba. Ya yi ƙoƙarin shaƙa, ƙirjinsa ya ƙi cika. Ya kasa kunne. Zarton nan na ɗakin ciki ya fara laushi.

Tsoro ya kama shi. Ya yi kan ƙofar kicin. A kulle.

"Hajiya," ya ce. Muryar ko ta yaro ba ta kai ba. "Hajiya, buɗe."

Tana nan jingine a bayan ƙofar, yana jin kukanta.

"Ka yafe mini," ta raɗa. "Yara gare mu ƙanana."

Duhu ya riga ya cika kicin ɗin, sai ɗan hasken da ya rage a taga. A wannan hasken ya ga gilashin na'urar yana yin hazo ta ciki. Ya washe. Ya sake yin hazo. Kamar an kafa baki a jikinsa.

Ya faɗi a kan gwiwa. Kunnuwansa na kuka.

Ya ja jiki zuwa jakarsa. Sukudireba. Filaya. Salatif.

Ya yage da haƙori, ya manna a ƙofofin gefe. Salatif ɗin ya lotsa ciki, ana tsotsarsa. Ya ƙara wani a kai. Ya juya na'urar, ya liƙe na baya. Wani abu mai sanyi ya dafa ɗan yatsansa ta ƙofar da ta rage.

Bakinsa na son yin addu'a, babu iskar da zai yi ta da ita. Ya yi ta a zuci, ya danna salatif ɗin da tafinsa.

Shiru.

Makulli ya juya. Ya fito da rarrafe. A bakin ɗakin ciki wani mutum na tsaye cikin rigar barci, yana shaƙar iska ƙirji cike, hawaye na zuba. Bai iya kallon Mai Gyara ba. Shi kuwa bai san yadda ya sauko daga benen ba, jakarsa ma can ya bar ta.

Tun daga ranar numfashinsa bai dawo daidai ba. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya zauna ya huta. Likitoci sun yi hoto sun ce ƙirji lafiya lau, ga shi kullum ramewa yake. Yaransa suka daina wasa kusa da shi, don sautin zarton nan yanzu daga ƙirjinsa yake fita, kuma tsoro yake ba su.

Ya ba matarsa labarin duka, bai ɓoye komai ba. Washegari ta je gidan benen, ta tarar sun tashi, na'urar kaɗai suka bari a bakin ƙofa. Ta naɗe ta a zane, ta ɗauko ta da kanta ta kawo gida.

Da yamma ta zo ta zauna gefen katifarsa, wayarsa a hannunta, idanunta sun yi ja.

"Baban yara," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wannan sabon mai gyaran da ya buɗe shago a bayan tasha, an ce yana zuwa har gida, ko?"

Ya buɗe baki zai ce ta ji tsoron Allah. Numfashin bai isa ba. Ta jira shi, ba ta matsa masa ba. Can iskar ta ɗan dawo, wadda za ta ishe shi faɗin kalma ɗaya. Ya dubi yaransa da suka leƙo ta labule, ya juya fuskarsa bango. Ita kuwa ta fara danna lambar.