Koren Tabo a Talabijin ɗin Mama

Ƙarfe goma na safe aka bugo waya ofis: an kwashe gwala-gwalan wata tsohuwa, kuma wai har an kama ɓarauniyar. Sufeto ya tsani irin wannan kira. Mutane su yi bincikensu, su yanke hukunci, sannan su ce ka zo ka ɗauka kamar wani ɗan dako.

Babban ɗan tsohuwar, wanda ya bugo wayar, shi ne ya tare shi a falo. A gefe mai jinyar uwar tana durƙushe, ido ya yi luhu-luhu. Shekara goma sha ɗaya tana ɗaga tsohuwar tana kwantarwa, yau ga ta a bakin ɗauri.

"Ita ce, Yallaɓai," in ji babban ɗan. "Ita kaɗai ke shige da fice a ɗakin. Ni rabona da gidan nan sati guda."

"Wallahi ko lambobin akwatin ban sani ba," mai jinyar ta ce.

Tsohuwar tana ɗaki a kan keken marasa lafiya. Akwatin ƙarfen, irin mai lambobin nan, yana cikin durowar da aka ɗora wa talabijin. Ba ɓalli, ba ko ƙwarzane.

Talabijin ɗin ce ta ɗauke hankalin Sufeto. Tsohuwar yayi ce, mai ƙatuwar ƙeya. Mai karanta labarai na magana, amma haɓarsa koriya shar, kusurwar gilashin ta ƙasa kuma, daidai saitin akwatin, ta rine shunayya.

"Mama, tun yaushe take haka?"

"Tsohon tabo ne," ɗan ya yi caraf.

"Kai, rufe mini baki!" in ji tsohuwar. "Jiya da safe garau na bar ta. Yarinyar nan ta kai ni asibiti, muka dawo na tarar da mutumin kirki ya koma kamar ganye."

"Tare kuka wuni da ita?"

"Ko banɗaki sai da ta tura ni."

Sufeto ya ɗauki hoton gilashin da wayarsa, ya ce wa Sajan ɗin da ya rako shi kada ya bar kowa ya fita.

A ƙarshen layi akwai mai gyaran talabijin, shagonsa cunkushe da matattun rediyo da lasifika. Kallo ɗaya ya yi wa hoton.

"Maganaɗisu ne, Yallaɓai, kuma ba ƙarami ba. Waɗannan masu ƙeyar, haskensu daga baya ake harbo shi, in maganaɗisu ya matso sai ya karkatar da shi, launi ya rikice. Na bangon nan na zamani kuwa, ko ka manna musu ba ruwansu."

"Zai iya buɗe akwati mai lambobi?"

"Masu arhan? Yana jan sakatar cikin." Sai ya tsaya, ya saki baki. "Kai! Shekaranjiya wani ya sayi ƙato a nan. Har ya tambaye ni ko yana ɓata talabijin. Na ce wace iri gare ka? Ya ce ta bango. Na ce je ka abinka."

Sufeto ya mayar da wayarsa aljihu. "Rufe shagon. Zo mu je."

Suna shiga ɗakin tsohuwar, mai gyara ya hango babban ɗan, ya washe baki, bawan Allah, bai san me ake ciki ba.

"A'a, ranka ya daɗe, ashe nan ne gidan? To ai ka ce mini ta bango ce! Da ka faɗi gaskiya da na hana ka matso da shi kusa da wannan."

Mai jinyar ta dafe ƙirji.

"Ban taɓa ganin mutumin nan ba," in ji babban ɗan.

"To, ba ni makullin motarka," in ji Sufeto, ya karɓa ya miƙa wa Sajan.

Sajan ya dawo riƙe da tsumma. A ciki ga maganaɗisu kamar faifan murfin tukunya, ga jakar gwala-gwalan, an turo su ƙarƙashin tayar safaya.

Sufeto ya ga abubuwa a aikin nan, amma wannan ya girgiza shi. Mutumin da ya bugo waya da bakinsa!

"Innalillahi," tsohuwar ta ce a hankali. "Kai?"

Babban ɗan ya zube a gabanta.

"Mama, da kunnena na ji kina cewa ita za ki bar wa su. Bare! Mu da kika haifa fa? Na ce in na ɗauke, aka tafi da ita, shi ke nan."

"Da an ɗaure ta," in ji Sufeto, ransa a ɓace, "wa zai ɗaga uwarka gobe da safe? Kai?"

Sajan ya ɗana wa babban ɗan ankwa, ya tashe shi tsaye. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Mama, ki ce wani abu mana."

Tsohuwar ba ta dube shi ba. Ta laluba ta kamo hannun mai jinyar.

"'Yar nan, juya mini keken nan bango," ta ce. "Ba na son ganin fitarsa."