Ƙwaryar Gwaggo Rabi

A Tanout akwai wata yarinya mai gaggawa. Kafin a gama aikenta, ta kai ƙofar gida.

Wata rana bayan magariba, Inna ta ce ta sayo wa Kaka fura da nono a kasuwar dare. Yarinya ta zura da gudu. Tana son kasuwar nan, ga fitilu, ga ƙamshin tsire, ga masu cuku da dabino.

Sai da ta tsaya gaban Gwaggo Rabi mai nono ta tuna ba ta zo da kwano ba.

Gwaggo Rabi ta yi dariya, ta dama fura a wata ƙwarya mai zane.

"Ungo, ɗiyata. Amma ki maido mini yau. Uwata ce ta yi zanen nan da hannunta. Gobe da asuba za mu bi shanu arewa."

"Yanzun nan, Gwaggo!"

Kaka ta sha fura. Sai ƙawaye suka kira yarinya gaɗa, ta fita, ta manta da ƙwarya sarai.

Washegari ta ruga kasuwa, ta tarar da wurin Gwaggo Rabi wayam.

Gajere mai tsire ya ce, "Ke ce? Ta yi ta jiranki, har ta yi hawaye. Sun yi arewa wajen Tenhya, sai bayan damina."

Daga ranar masu nono suka daina ba yara aron ƙwarya. Ƙawaye suka ce, "Duk ke kika ja mana!"

Yarinya ta koma gida tana kuka. Kunya ta ishe ta.

Inna ta ce, "Kuka ba zai mayar da ƙwarya ba. Me za ki yi?"

"Zan ajiye ta, Inna. Da hannuna zan ba ta."

Ta wanke ƙwarya, ta naɗe a zane, ta rataye. Ƙanenta ya so shan koko a ciki, ta hana. Ko Kaka ba ta samu aro ba!

Da aka yi girbin gero, kullum bayan magariba sai ta ɗauki ƙwarya ta tafi kasuwa. Gajere yana tsokanarta, "Sannu, mai gadin ƙwarya!" Ba ta fasa ba.

Ran nan sai ga Gwaggo Rabi zaune a wurinta. Yarinya ta durƙusa, ta miƙa ƙwarya da hannu biyu.

"Ki yafe mini, Gwaggo. Wasa ne ya ɗauke mini hankali."

Gwaggo Rabi ta daɗe tana shafa zanen ƙwaryar. Ta ce, "Uwata ta rasu a daminar nan. Na ɗauka ba abin da ya rage mini nata. Allah ya yi miki albarka."

Ta goge ido, ta yi murmushi. "To, in zuba miki fura a ciki?"

"A'a, Gwaggo. Yau na zo da kwanona."

Tun daga nan yarinya ta gane cewa kayan aro amana ne. In ka ce za ka mayar yau, to ka mayar yau.