Duwatsun Wuyan Kaka da Wayar Odinatar

"Yakubu, wai ba matacciya abokin nan naka ya sayar maka ba kuwa?"

Inna ce ta yi tambayar, tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Yarinyar, 'yar Inna, tana tsakar gida tana wanke kwanoni. Ta dakata don ta ji amsa.

"Matar yaya, koma wajen miyarki," in ji Baffa Yakubu. "Wannan ba tukunya ba ce."

"Ai tukunyata in na hura mata wuta tana tafasa. Taka fa?"

Baffa ya sake danna buton kunna odinatar. Shiru. Ko ɗan haske babu.

Baffa Yakubu ƙanin Baba ne. Mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakol a nan Kara-Kara. A shagon abokinsa Fahad ya sayo kayan odinatar, wato kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya. Da hannunsa ya harhaɗa su, yana kallon yadda ake yi a salula. Bai taɓa yi ba sai wannan karo.

Ba don wasa ya haɗa ta ba. Don muryar Kaka ne.

Kaka ta rasu bara, bayan girbin gero. Kafin nan Baffa ya ɗauki muryarta a ƙauyensu Guna tana ba jikoki tatsuniya. Muryar tana cikin wani ƙarfe mai kamar sabulu, wanda ya ciro daga tsohuwar odinatar ɗinsa da ta lalace. Gobe Lahadi, bayan sujada, Gwaggo Lami za ta zo daga Takieta a saurara tare. In sabuwar ba ta tashi ba, babu wanda zai ji.

Yarinyar ta fi kowa ɗoki. Kowane hutu a Guna take yinsa. Tana tuna Kaka tana soya gyaɗa a cikin rairayi, tana juyawa da sakaina. Tana tuna ƙamshin man shanu a zanenta. In ta sunkuya, duwatsun wuyanta su yi ƙas-ƙas. Kaka ba ta kiran ta da suna. "Ɓerata" take ce mata, domin ƙuli-ƙuli ba ya kwana a kwalla in tana gidan.

Duwatsun nan ita Kaka ta bar wa. Sai dai zaren ya tsufa, ran Alhamis ya tsinke.

A ranar Inna ta sa ta sharar ɗakin Baffa. Shi ya tafi lakol, ya bar akwatin odinatar a buɗe. Ta ga wata siririyar waya, fara da shuɗiya a murɗe, tana lilo a waje. Ba a haɗa ta da komai ba.

"Ragowa ce," ta ce a ranta. "Ta ma fi zare ƙarfi."

Ta ɗauko almakashin Inna. Ta zura hannu ciki, ta yanke ta tun daga tushe. Ta shirya duwatsun a jiki, suka zauna daram. Ɗan baƙin kan da ke bakin wayar kuwa ta jefa shi a gwangwanin Kaka. Ba ta ƙara tunawa da zancen ba.

Yanzu ga Baffa yana ta gumi. Baba ya dawo daga aikin asibiti, ya tsaya a kansa. Baba Bitrus mutum ne marar yawan magana. Ko ranar da aka binne Kaka babu wanda ya ga hawayensa.

"Kira mai shagon," in ji Baba.

Baffa ya kira Fahad, ya buɗe murya kowa na ji.

"Akwai wutar kuran?" in ji Fahad.

"Akwai. Ga fanka tana juyawa."

"Ka canja wayar wuta?"

"Na canja. Har ta ɗakin yaya na aro."

"Makunnin da ke baya fa?"

"A kunne yake."

"Cire ƙwaƙwalwar ka mayar, ka danna sai ta ce ƙas."

"Tun safe abin da nake yi ke nan."

Sai Fahad ya ce, "To wayar buton fa, ka haɗa ta? Siririya ce, fara da shuɗiya. Ita ke gaya wa injin an danna."

Baffa ya leƙa ciki, ya laluba. "Babu wata waya a nan."

"Haba Mushe, kowane akwati da ita yake zuwa."

"To naka bai zo da ita ba. Fahad, duk zaman da muka yi, ni za ka ba ragagge?" Ya kashe salular.

Yarinyar ta kai hannu wuyanta. Ta ji wayar a ƙarƙashin riga.

Aka zuba tuwo, ta kasa ci. Baffa ya fara mayar da kaya cikin kwali. Ya ce a gaya wa Gwaggo Lami kada ta wahalar da kanta da zuwa. Inna ma ta daina tsokana. Gidan ya yi tsit.

Yarinyar ta tuna muryar Kaka tana kulle cikin ƙarfe. Ta tuna Fahad da aka ɗora wa laifi. Ta tashi. Ta durƙusa gaban Baffa, ta ciro duwatsun.

"Baffa, ni ce. Na ɗauka ragowa ce."

Baffa ya dubi wayar, ya dubi duwatsun. Ya gane su.

"Wa kika tambaya?" in ji Baba.

"Babu kowa, Baba."

"To zare su da hannunki. Sannan ki ba Fahad haƙuri da bakinki."

Ta zare duwatsun ɗaya-ɗaya tana kuka. Ta kawo ɗan baƙin kan daga gwangwani. Baffa ya sake kiran Fahad, ya miƙa mata. Ta faɗi abin da ta yi. Baffa ya karɓa ya ce, "Ni ma na yi saurin baki. Ka yafe ni."

Fahad ya yi dariya. "Ya wuce, Mushe. Amma ka riƙa rufe akwati."

Baffa ya fere bakin wayoyin. Ya murɗa fara da fara, shuɗiya da shuɗiya, ya naɗe da baƙar roba mai ɗanko. Ya cusa ɗan kan a inda Fahad ya kwatanta masa.

"Zo ki danna," ya ce mata.

Ta danna. Ƙaramar fanka ta juya a ciki. Allo ya yi haske.

"Ashe tukunyar tana tafasa," in ji Inna. Ta miƙa wa yarinyar zaren kitso mai ƙarfi. "Ga shi. Da kin tambaya, tun Alhamis na ba ki. Abin da ba naki ba, ki tambaya kafin ki taɓa. In kin yi kuskure kuma, ki faɗa da wuri."

Ran Lahadi aka shimfiɗa tabarma. Gwaggo Lami ta zauna kusa da allo. Sai ga muryar Kaka, kamar tana bayan ƙofa.

"Ga ta nan, ga ta nanku. Tsaya tukuna, ina ɓerata? Ku duba mini kwalla."

Kowa ya fashe da dariya, har da yarinyar. Duwatsun suna wuyanta a sabon zare.

Can Inna ta aike ta ɗebo ruwa. A bayan randa ta ga Baba shi kaɗai. Ya juya baya, yana share fuska da hularsa. Kafaɗunsa suna motsi a hankali. Bai gan ta ba.

Ta cika moɗa ba tare da ƙara ba, ta koma tabarma. Laifinta nata ne, shi ya sa ta faɗa. Hawayen Baba kuwa nasa ne, kuma ta riga ta koyi barin abin da ba nata ba. Ta miƙa wa Gwaggo ruwa, ta ƙudura a ranta ba za ta gaya wa kowa ba.