Wasiƙar da Ta Kira Sunana

Ku matso, ku rage murya. Ummita, ajiye wayar nan, tunda ke kika nace sai na sa ki a ajina wata mai kamawa. Kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta, wannan ba tatsuniya ba ce. Da ni yayarku Barira abin ya faru, kuma har yau yana ci mini rai.

Kun san inda nake koyarwa, tsohon gidan wayan nan na bayan tashar jirgin ƙasa da aka mayar cibiyar kwamfuta. Ina koya wa sababbin shiga yadda ake kafa sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓar wasiƙun mutane, ta jera su a layi, ta kai kowace inda za ta. Doka biyu nake fara ba su. Ta farko, ka rufe ƙofa: kada sabarka ta ɗauki saƙon wanda ba shi da akwati da kalmar sirri a wurinka, in ba haka ba kowane ɗan damfara ta gidanka zai bi. Ta biyu, mai tsaron wasiƙu bayan ambulan kawai yake gani, sunan mai aikowa da na mai karɓa da kan magana. Ba ya buɗewa.

Wata Juma'a ce, wata uku da rasuwar Inna. Kun san ina kan hanya ta cika, ban ji kalmarta ta ƙarshe ba. Da safen na buɗe ƙofar sabar da gangan don ɗalibai su ga haɗarin. Aka kira salla, maza suka tafi masallaci, mata suka fita neman abinci. Na ce bari in sha ruwa tukuna in rufe. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Rana tsaka. Unguwa tsit. Fanka kaɗai ke motsi.

Sai ga wani tsoho a bakin ƙofa, kakinsa ya koɗe, jakar fata a kafaɗa. Na ga bakinsa ya motsa, ya rufe. Sannan sallamar ta iso, kamar mai faskare daga nesa, ka ga gatari ya sauka kafin ka ji ƙara. Na ce yunwa ce ke wasa da kunnena, na amsa, na ba shi kujera.

Ya ce shi masinjan gidan nan ne tun da can, kuma yana da wasiƙun da ba su isa ba. An gaya masa ina koyar da sabuwar hanya. Ni kuwa kun san ni, a tambaye ni aikina sai baki ya buɗe. Na nuna masa akwati, na nuna masa layin jira. Ya tambayi wasiƙar wa ake karɓa. Na ce ta mai akwati.

"In ƙofa a buɗe take fa, Malama?"

"Ta kowa," na ce.

Ya yi murmushi. Dariyar sai daga baya ta zo.

Na dubi allo. Layi na cika, babu mai taɓa komai. Goma, hamsin, ɗari uku. Na karanta sunayen masu aikowa. Malam Sidi mai awo, da aka binne bara. Tasalla ungozoma, wadda ta yanke mini cibi. Masu karɓa kuwa duk rayayyu ne, 'yan garin nan. Ummita, har da sunan babanki na gani.

Na sunkuya ƙarƙashin tebur na fizge kebul ɗin intanet. A nan na ga ƙafafunsa. Diddige na gaba, yatsu na kallon ƙofar da ya shigo.

Na ɗago a hankali. Layi bai daina cika ba.

"Ba ta igiya muke bi ba," in ji shi. "Ta ƙofa. Ki bar ta zuwa magariba. Ga ladanki a sama."

A saman layin, wasiƙa ɗaya tawa ce. Sunan Inna ne mai aikowa. Kan maganar kuma: Barira, 'yata, buɗe ki ji.

Kaka ta sha gaya mana, kiran da ba ka ga mai shi ba, ba a amsawa, don wanda ya amsa ya bi. Na san buɗe wasiƙar nan amsawa ce. Na san in na bar ƙofar, mutum ɗari uku za a kira kafin isha. Duk na sani. Amma ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya kai. Ina kuka. Ina son in ji abin da ta so gaya mini fiye da yadda nake son raina.

Na sake karanta layin. Barira.

Ku da kuka tashi a gidanmu, wa ya taɓa jin Inna ta faɗi sunana? Ni 'yar fari ce. Shekara talatin da ɗaya, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ko a gadon asibiti, Gwaggo ta ce abin da ta faɗa shi ne, ku kira mini waccan. Na taso ina jin haushin kunyar nan tata, ina kishin ƙannena da ake kira da suna. Ran nan kunyar ce ta riƙe mini hannu.

"Inna ba ta kiran sunana," na ce.

Na kama Ayatul Kursiyyu, ina buga umarnin rufe sabar, sau biyu ina kuskuren rubutu. Na rufe ƙofar. Layi ya tsaya cak. Na share shi gaba ɗaya, har da tawa.

Tsohon ya miƙe, ya rataya jakarsa. Bakinsa ya motsa, ban ji komai ba. Ya fita yana kallona, ƙafafunsa na tafiya gaba abinsu. Sai da na fara jin hayaniyar masu dawowa daga masallaci muryar ta iso, daidai kunnena.

"A can an daina kunya, Malama."

Shi ke nan. Ɗalibai suka same ni zaune a ƙasa da kebul a hannu, na ce musu jiri ne. Kowa a garin nan lafiyarsa lau, babanki ma ga shi can yana minshari. Ni ce ban sani ba, ko tarko na share, ko kuwa karo ɗaya tak da uwata ta kira ni da sunana.

Don haka Ummita, zan sa ki a ajin. Amma ki rufe ƙofa kafin ki sha ko ruwa, kuma ran Juma'a in kowa ya fita, ki bi su. Kada ki zauna ke kaɗai a ginin nan da tsakar rana. Ni tun ranar a bakin titi nake cin abincina.